Awo Ɗaya, Riga Biyu

Talata 18 ga Maris, da hantsi

Atamfar ta iso. Wani ɗan kasuwar Barbès ne ya zo da ita cikin kayansa daga Maradi, mijina Iliya ya karɓo mini da zai dawo daga aikin dare a kasuwar kifi ta Rungis. Sai da na shanya ta a taga saboda ƙarnin kifin jakarsa. Turmi biyu ne, shuɗiya mai ɗigon ruwan ƙwai, in ka ja baya sai ka ga kamar tsuntsaye sun tashi.

Inna ta ce wannan ne ankon baftismar ƙanwata Rahama ranar Idin Tashin Almasihu. Su za su sa nasu a Maradi, mu mu je Lyon inda take mu sa namu, a ɗauki hoto a haɗa. Ta yi ta nanatawa a saƙon murya: a ɗinka wa autarta riga ta mutunci, kada ta tsaya gaban jama'ar Allah da wandon nan nata.

Iliya ya toshe kunnuwa ya kwanta. Ni kuma na koma littafina a waya. Yau yarinyar cikin labarin ta gano wanda yake ajiye mata turare a ƙofa. Na karanta wurin har na haddace.

Alhamis 20 ga Maris, la'asar

Na kai wa Malam Bukari tela atamfar, a unguwar Goutte d'Or. Azumi ne, shagon cike da kayan Sallah har rufi, bakinsa ya bushe amma bai hana shi tsiya ba.

"Madam Iliya, ku ma kun zo ku ƙarasa ni? Ku jira mu sha ruwa tukuna. Bayan Sallah in taɓa naku." Ya shafa atamfar ya ce, "Awo ɗaya, riga biyu, kamar kullum?"

Na ce kamar kullum.

Haka muke tun a gida. Rahama ba ta tsayawa tela ya auna ta. Ranar kai ɗinki sai ta ɓace, a same ta bisa katanga ko bayan akurkin kaji. Da Inna ta gaji sai ta ce ai jikinmu ɗaya, a auna ni, Tabita, a ɗinka biyu. Ni kuwa ina son igiyar awo ta zagaye ni, ji nake kamar amarya. Har yanzu da take karatun jinya a Lyon, ni ake aunawa a aika mata.

Asabar 22 ga Maris, bayan magariba

Rahama ta zo daga Lyon ta koma. Ta yi aski ƙasa-ƙasa.

Na nuna mata hoton atamfar ina murna, sai ta kife wayar a kan tebur. Mun yi magana a madafa, ƙasa-ƙasa don kada Iliya ya farka. Shinkafar ta kama.

Ba zan rubuta ba yau.

Lahadi 23 ga Maris, da sassafe

Zan rubuta yadda ta faɗa, ko zai bar kaina.

Ta ce, "Yaya, kin tuna ranar da na fara ƙirgar dangi, na kwana uku ban ci abinci ba, kuka ce mayu ne?" Na ce na tuna. Ta ce ba mayu ba ne. Tun tana ƙarama ba ta taɓa jin ita mace ba ce. Jikin nan kamar kayan aro yake a wurinta, kullum da safe sai ta sake sa shi, kuma babu ranar mayarwa. Ta ce ta yi azumi, ta yi kuka gaban Allah ya cire mata, bai cire ba. Tana son Yesu, tana son baftisma, amma ba za ta iya shiga ruwan nan da ƙarya a jikinta ba.

Na ce, "To mene ne ke?"

Ta ce, "Ni ce dai wadda kika goya. Ke kaɗai na gaya wa a dangi. Ki riƙe mini."

Na ce to. Na raka ta tashar jirgin metro. Ban rungume ta ba, hannuna ne ya ƙi tashi, ban san dalili ba.

Litinin 24 ga Maris, da rana

Ruwan sama. Na wanke tukunyar da ta kama.

Laraba 26 ga Maris, la'asar

Na duba littattafan da na zo da su daga gida, waɗanda bangonsu ya yage. A cikinsu akwai wadda aka yi wa asiri, akwai wadda aka musanya a ɗakin haihuwa, akwai wadda ta sa kayan maza don ta shiga gidan masoyinta, daga baya ta cire kowa ya yi dariya. Babu irin Rahama ko ɗaya. Ban san shafin da zan buɗe in ga abin da yaya take yi ba.

Iliya ya tashi, ya ci, ya tambaye ni me ya same ni. Na ce littafi ne. Ya ce, "Wa ya mutu kuma a ciki?" Ya sa rigar sanyinsa ya fita. A gidan nan muna wuce juna kamar masu canjin gadi.

Lahadi 30 ga Maris, da yamma

Yau Sallah. Unguwa duk shadda da turare, yara suna ta tsalle a ƙarƙashin gadar metro. Na ratsa su na tafi sujada a majami'a.

Bayan sujada muka zauna Zumuntar Mata kamar kullum. Aka zo wurin roƙon addu'a, kowace ta faɗi nauyinta a ɗauka tare. Wata takardun zama, wata ciwon ƙafa. Da aka zo kaina ban shirya ba, bakina ya ce, "Ku tuna da wata 'yar'uwa a Lyon, tana cikin ruɗani game da jikinta." Ban faɗi suna ba. Na ga kamar in ban faɗi suna ba na riƙe amana.

Mama Rifkatu, shugabarmu, ta tsare ni a bakin ƙofa. "Ɗiyata, mai addu'a sai ya san abin da yake roƙo. Ciki ne?" Na ce a'a. Ta riƙe hannuna, hannunta da ɗumi, na daɗe ba wanda ya riƙe ni haka. Sai na faɗa.

Na dawo gida da sauƙi a ƙirji. Har waƙa na yi ina yanka albasa.

Talata 1 ga Afrilu, da hantsi

Mama Rifkatu ta gaya wa ƙanwarta a Maradi, wai don su tsaya mana a addu'a ta can. Ƙanwar tata benci ɗaya suke zama da Inna.

Inna ta kira ni tana kuka har ban ji rabin maganar ba. Me ta yi wa Allah. Wa ya shiga tsakaninta da autarta. Turai ce ta cinye mata ɗiya. Ta ce ta riga ta kira Rahama.

Saƙon Rahama ya shigo ina kan wayar: "Ke kaɗai na gaya wa."

Na kira. A kashe.

Laraba 2 ga Afrilu, da rana

A kashe.

Juma'a 4 ga Afrilu, la'asar

Saƙonnina suna tsaye da alama ɗaya, ba su isa ba. Na cire hotona na fuskar waya na sa namu na yara, ni da ita da riga iri ɗaya a ƙofar majami'a, ko za ta gani. Yau na lura a hoton ta ɓoye hannayenta a baya, tana kallon ƙasa. Shekaru nawa hoton nan yana wurina.

Lahadi 6 ga Afrilu, da yamma

Mata sun yi mini kirki sosai, irin kirkin da ake yi a gidan makoki. Mama Rifkatu ta ce akwai wani bawan Allah a bayan gari da yake fitar da irin waɗannan ruhohi, in kawo yarinyar, a yi mata kwana bakwai ba ci. Da zuciya ɗaya take faɗa, na sani. Na ce zan yi tunani.

A metro na tuna kwana ukun nan da Rahama ta yi ba ci tana ƙarama. Ta riga su yin azumin.

Akwai abin da nake tsoro, ba zan sa shi a takarda ba. Lyon akwai koguna biyu.

Talata 8 ga Afrilu, da safe

Iliya ya same ni zaune a ƙasan madafa da kayan jiya. Bai kwanta ba. Na gaya masa duka. Ya daɗe yana murza idonsa, sannan ya ce shi bai gane ba, kuma ba ya jin zai gane, amma Rahama ce ta yi jinyarsa lokacin da akwati ya faɗo masa a ƙafa. Ya ce, "Bar kiran wayar da aka kashe. Kira pastonta."

Kunya nake ji. Me zan ce masa, ni ce mai bakin?

Laraba 9 ga Afrilu, bayan azahar

Na kira Pasto Ishaya, mai kula da majami'arsu a Lyon. Dattijo ne, mutumin Dogon Dutsi. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi maigida, ya tambayi sanyi. Da na fara ba da haƙuri sai ya ce in tsaya.

"Abin da kike son ji shi zan fara ba ki. Tana nan da rai. Tana zuwa asibitin da take koyon aiki. Jiya a gidana ta ci tuwo, ta ce miyar matata ta yi gishiri."

Na yi kuka har sai da na ajiye wayar a cinya. Ya jira ni.

Na ce ko ya san maganar. Ya ce abin da Rahama ta gaya masa nata ne, ba zai ɗebo mini ba sai da izininta, yadda ni ma ba zai kai nawa wani wuri ba. Maganar ta shige ni, ko da yake a hankali ya faɗe ta.

Na ce, "Baba, aljani ne?"

Ya ce, "Ɗiyata, na ga masu aljanu. Wannan ba shi ba ne. Ba kuma iskanci ba ne, ba wanda zai zaɓi irin wahalar nan don sha'awa. Likitoci suna da suna gare shi, mutum ya ji jikinsa da abin da ya san kansa da shi ba su haɗu ba, abin ya yi ta cin sa. Ni ban taɓa jin haka ba, don haka na fi yawan saurare."

Na ce to zunubi ne ko ba zunubi ba.

Ya ce abin da ya koya game da halittar namiji da mace yana nan a zuciyarsa, bai ɓoye wa Rahama ba, kuma akwai wuraren da ba su yarda da juna ba har yau. Amma jin ciwo ba laifi ba ne. Ya ce duk Alhamis suna zama, wani lokaci su yi addu'a, wani lokaci su yi gardama, wani lokaci su sha shayi kawai. Da barci ya ƙaurace mata shi ya raka ta wurin likita ya zauna a benci. "Akwai tambayoyin da ban da amsarsu. Abin da na tabbata shi ne ba a ba ni aikin korar kowa daga bakin ƙofa ba."

Baftisma an ɗaga. Dattawan majami'a ba su gama magana ba, ita ma ba ta gama ba. Ya ce ba gudu ake yi ba.

Na ce in zo? Ya ce zai tambaye ta. In ta ce a'a, a'a ce.

Alhamis 10 ga Afrilu, da rana

Yau Alhamis. Yanzu haka wataƙila suna shan shayi.

Asabar 12 ga Afrilu, da hantsi

Malam Bukari ya aiko in zo, aiki ya yi masa sauƙi. Na tarar ya shimfiɗa turmi ɗaya, alli a bayan kunne, almakashi a hannu.

"Kin rame, Madam Iliya. Mu ne muka yi azumi, ke ce kika zube. Zo in sake awo kada in ɗinka muku buhu."

Ya auna ni. Igiyar ta zagaye ni, ban ji daɗin da nake ji ba. Ya jawo turmi na biyu zai haɗa su ya yanka tare, don haka yake yi, ya fi masa sauri. Na ɗora hannu a kai.

Na ce nawa kaɗai.

"Na ƙanwar fa? Kun yi faɗa?"

Na ce ya bar shi dai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ninke shi ya sa mini a leda. Ya ce, "Gara haka. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa."

Lahadi 13 ga Afrilu, la'asar

Ban je sujada ba. Na buɗe littafina, an kai wurin biki, kowa ya yafe wa kowa a shafi ɗaya. Na rufe.

Inna ta kira. Ta daina kuka, yanzu muryarta ta yi sanyi, wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ce su sun ɗinka nasu. Ta ce, "In kin gan ta ki duba mini ko tana cin abinci." Ba ta kira sunanta ba.

Talata 15 ga Afrilu, da rana

Shiru daga Lyon.

Alhamis 17 ga Afrilu, da yamma

Pasto ya kira. Ta ce in zo ranar Asabar, a gidansa, ba a ɗakinta ba. Ya ce, "Kada ki zo da wa'azi, muna da shi da yawa a nan. Ki zo da kunne."

Na shirya maganganu a kaina, masu kyau, irin na littafi. Na faɗa wa madubi, duk suka zama ƙarya.

Asabar 19 ga Afrilu, Lyon, bayan magariba

Ina rubutu a ɗakin baƙi na gidan Pasto, hawa na sama, ana hango fitilun gari.

Ta zo da la'asar, da babbar rigar sanyi ta maza. Ta gaida Pasto, ta gaida matarsa, ni ta ce mini "sannu da hanya" kamar wata baƙuwa. Pasto ya zuba shayi, ya ce shi zai je duba motarsa da ba abin da ya same ta. Matarsa ta bi shi tana cewa ƙaryar limamai ta fi ta kowa.

Muka rage mu biyu. Na ce na yi kuskure. Ta ce, "Kin san abin da Inna ta ce mini? Ta ce da ta sani da ba ta sha wahalar naƙudata ba." Ta ce, "Na san ba mugunta ba ce, Yaya. Ke dai ba ki iya riƙe abu ke kaɗai ba. Ni kuwa shi na iya." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini.

Na rasa inda zan sa hannuna, sai na jawo ledar na tura mata. Ta ƙi taɓawa. Ta ce in rigar ce in koma da abata. Na ce ta buɗe.

Ta warware turmin a kan teburin, ya zubo har ƙasa. Ta bi bakinsa da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ba a yanka ba."

Na ce, "Ban san awonki ba. Ban taɓa sani ba. Nawa nake bayarwa."

Ta daɗe tana kallon tsuntsayen nan. Sannan ta leƙa ƙofa ta ce, "Mama, kina da igiyar awo?" Matar Pasto ta kawo cikin gwangwanin biskit, ta ajiye, ta koma.

Rahama ta cire rigar sanyin ta juya mini baya. Ta ce riga take so irin ta su Iliya, mai sauƙi, ba ado a wuya. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ban san abin da zan gaya wa Inna ba, ban san abin da nake gaya wa Allah ba. Na dafa bakin igiyar a kafaɗarta ta hagu na ja zuwa ta dama.

Kafaɗarta ta fi tawa faɗi, da yawa. Duk rigunan nan na Kirsimeti da na Idi, duk waɗanda na aika da murna, matse ta suke yi.

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaya?"

Lahadi 20 ga Afrilu, cikin jirgin ƙasa, la'asar

Na sa ankona ni kaɗai. An yi wa mutum biyu baftisma, Rahama tana zaune kusa da ni a bencin baya, ta yi waƙoƙin duka, ba ta duba takarda ba. Wasu sun juyo sun kalle ta. Pasto da zai fita ya tsaya ya ba ta hannu, ya ce Alhamis kada ta makara.

Inna ta aiko hotonsu, ita da gwaggonni cikin shuɗi a ƙofar majami'a. Ba ta yi murmushi ba. Na rubuta mata, "Tana cin abinci." Sauran sai na koyi yadda ake faɗa, kuma sai Rahama ta ce in faɗa.

A tasha ba mu rungumi juna ba. Ta dai ɗauki jakata har bakin ƙofar jirgi. Yanzu wayata ta yi ƙara: "In kin isa ki gaya mini."

Talata 22 ga Afrilu, da hantsi

Na kai wa Malam Bukari turmin. Na karanta masa awon, yana rubutawa da alli a jikin teburinsa. Da ya zo kafaɗa ya tsaya.

"Wannan ba naki ba ne."

Na ce a'a, na Rahama ne.

Na gaya masa irin rigar. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi atamfar, ya gyara ta a kan teburin.

"Aljihu ɗaya ko biyu?"

Na ce ya dakata in tambaya.